Na Sayi Sandar Snuka Ta Hannu A Intanet, Ta Iso A Karkace: Wa Zai Ɗauki Asarar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga tallar sandar snuka ta hannu, mai rabuwa biyu, a Facebook, a wurin wani mutum da ke Legas. Na tambaye shi ta WhatsApp ko a miƙe take, ya rubuto mini cewa a miƙe take sak, kuma ba ta da wata matsala. Muka daidaita a kan naira 90,000, na tura masa kuɗin, shi kuma ya naɗe ta a kwali ya ba direban motar haya ya kawo mini Kano. Fatar bakinta ta cinye, don haka na sa aka canza mini ita a ranar da ta iso. Bayan kwana uku sai na lura cewa idan na mirgina ta a kan tebur bakinta yana tsalle, sannan akwai siririn tsagu a farin zoben da ke ƙarƙashin fatar. Na yi masa magana, ya ce lafiya lau ta bar hannunsa, kuma kayan hannu ba a mayar da su. Shin ina da haƙƙin karɓar kuɗina, kuma ta wace hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kana da haƙƙi, ɗan'uwa, amma bisa abin da ka faɗa na fi hango maka ragi a kan kuɗin, ba dawowarsu gaba ɗaya ba. Aibi biyu ka ambata, karkata da tsagu, kuma kowannensu hukuncinsa ya dogara ne da lokacin da ya samu sandar: a hannunsa ne, ko a hanya, ko a hannunka. Sandar da kanta za ta iya ba da shaida a kan wannan, don haka ka dakatar da musayar zafafan kalamai da shi har sai ka bincike ta da kyau.

Mirgina sanda a haɗe, kamar yadda ka yi, ba ya wadatarwa. Ka kwance ta, ka mirgina rabin gaba shi kaɗai, sannan rabin baya shi kaɗai, a kan tebur mai shimfiɗar dutse wanda ka tabbatar bai lotsa ba, domin yawancin teburan katako da ake ajiyewa a bakin titi su kansu ba a daidai suke ba, kuma sukan ɗora wa miƙaƙƙiyar sanda laifin da ba nata ba. Idan kowane rabi ya mirgina lafiya amma suka yi tsalle bayan an haɗa su, to itacen bai karkace ba. Fuskar mahaɗar ce ba ta zauna daidai ba, ko datti ya maƙale a tsakani, kuma wannan gyara ne ƙarami. Idan rabin gaba ne ke ɗagawa, ka ɗauki bidiyo kana mirgina shi a hankali, yadda za a ga hasken da ke ratsawa tsakaninsa da tebur yana ƙaruwa yana raguwa. Idan kuwa rabin baya ne ya karkace, lamarin ya fi muni, domin can ne kuɗin sandar yake kuma da wuya ya gyaru.

Dole ne kuma a yi wa mai sayarwar adalci. Rabin gaban irin waɗannan sanduna galibi da itacen mafal ake yin sa, wanda ake samu a Amurka da Kanada, kuma itace ne mai shan danshi yana sakinsa. Sandar da ta daɗe a iskar Legas mai laima, ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a but ɗin mota cikin zafi, sannan ta sauka a busasshiyar iskar Kano, musamman da hunturu, tana iya motsawa kaɗan ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Sai dai tafiyar kwana ɗaya ko biyu ba kasafai take haifar da babbar karkata ba, sai idan an danne kwalin da kaya masu nauyi, kuma idan hakan ta faru za ka ga kwalin ya murƙushe. Doguwar karkata mai tafiya a hankali daga tsakiya zuwa baki, ba tare da wata alama a kwali ba, ta fi kama da ta sandar da aka jingine a bango watanni da yawa. Idan ba ka yar da kwalin ba, ka ɗauki hotonsa.

Tsagun zoben nan shi ne inda hujjarka take da rauni, domin ka sa an canza fatar kafin ka gan shi. Mai canza fata yana aiki da reza a daidai wurin, kuma mai sayarwar zai ce shi ya tsaga. Ka duba cikin tsagun da hasken waya. Idan ya yi shuɗi ko baƙi saboda garin alli da dattin hannu da suka shige ciki, tsohon tsagu ne, kwana uku ba sa yin wannan rini. Idan fari ne tas, to sabo ne, kuma ba zan ba ka shawarar ka ɗora masa ba. Ka koma hotunan tallar ka zuƙo su. Sau da yawa tsagun yana nan a hoton mai sayarwa, ido ne kawai bai kai wurin ba.

Maganar cewa kayan hannu ba a mayar da su tana da iyaka. Tana rufe abin da kowa ya san zai tarar a tsohuwar sanda, kamar ƙarzuwar fenti, dushewar launi da cinyewar fata. Ba ta rufe siffar da mai kaya ya furta da bakinsa, balle wadda ya rubuta. Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Najeriya ta gada kuma jihohi da dama suka gina nasu dokokin a kanta, ta tanadi a sashe na 13 cewa kayan da aka sayar bisa siffantawa dole ne su dace da siffar, kuma wannan ya hau kan kowa, ɗan kasuwa ne ko mai sayar da kayan kansa. Sharaɗin ingancin kaya da ke sashe na 14 kuwa ya fi shafar wanda sana'arsa ce sayar da irin kayan. Saboda haka jimlar nan tasa ta "a miƙe take sak" ita ce ginshiƙin ƙorafinka. Ka adana hirar gaba ɗaya tare da takardar tura kuɗin, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar irin waɗannan saƙonni a kotu idan an cika sharuɗɗansa.

A fiƙihun Malikiyya ma cinikin abin da ba ya gaban ido ya halatta bisa siffantawa, kuma idan kayan suka iso saɓanin siffar, mai saye yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar. Mai sayarwar da ya san aibi ya ɓoye, ba ya kuɓuta da cewa ya barranta daga aibi, domin wannan algus ne. Abin lura a lamarinka shi ne hukuncin wanda ya gano tsohon aibi bayan wani sabon aibi ya auku a hannunsa: ko dai ya riƙe kayan a biya shi bambancin ƙimar, ko ya mayar ya biya diyyar abin da ya ɓaci a wurinsa. Dokar 1893 ta kusanci wannan ta wata ƙofar, inda take ɗaukar mai saye a matsayin wanda ya karɓi kaya idan ya yi musu aikin da mai mallaka ne kaɗai ke yi, sai ya rage masa neman diyya. Canza fata ƙaramin abu ne, amma mai gardama zai kama shi. Daga yau kada ka goge sandar da samfefa, kada ka yi ƙoƙarin miƙe ta da zafi, kuma ka daina buga wasa da ita.

Idan binciken ya nuna a hanya ta lalace, nan ne hukunce-hukuncen biyu suka rabu. A mashahurin zancen Malikiyya, kayan da ake ɗauka waɗanda aka sayar ba a gani ba suna kan lamunin mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai idan an yi wani sharaɗi. Dokar 1893 kuwa tana ganin miƙa kaya ga mai ɗauka tamkar miƙa su ne ga mai saye, amma ta ɗora wa mai sayarwa nauyin yin tsarin jigila da ya dace da irin kayan. Sanda mai tsawon inci 58 ana tura ta ne a kwance biyu cikin jakarta ko cikin bututun roba mai ƙarfi. Wanda ya naɗe ta a kwali kawai bai fita daga sakaci ba.

Sulhun da nake ganin ya dace shi ne wannan. Idan rabin gaba ne kaɗai ya karkace, ka nemi ya biya kuɗin sabon rabin gaba, ka riƙe sandar, amma ka tabbatar da irin zaren mahaɗar kafin ka faɗi farashi, domin nau'o'in zare irin su 5/16x18 da 3/8x10 da Uni-Loc ba sa shiga juna, kuma wanda ya fi wahalar samu ya fi tsada. Zoben ana canza shi, kuma idan tsagun sabo ne kai za ka biya. Idan rabin baya ne, ko kuma sandar an sayar maka da ita da sunan sanannen kamfanin sanduna irin su Predator ko McDermott ta fito jabu, to mayarwa ce da cikakken kuɗi. Da yake a nan kowa yana tsoron ya fara sakin abin hannunsa, ku sami amintaccen mutum a Legas wanda ku biyu kuka yarda da shi, ya karɓi sandar ya duba ta a gaban mai sayarwar, a tura maka kuɗin nan take.

Idan ya ƙi, ka san cewa Facebook bai riƙe kuɗinka ba, don haka ba shi da abin da zai mayar maka, saɓanin kasuwar intanet ta eBay mai ba mai saye kwana 30 ya kai ƙorafi, ko kamfanin biyan kuɗi na PayPal wanda shi ma yake ba da wa'adin kai ƙorafi. Banki ma ba ya janye kuɗin da ka tura da yardarka saboda saɓani a kan ingancin kaya. 'Yan sanda ba wurin zuwa ba ne, tunda mutumin ya turo kaya, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Idan sana'arsa ce sayar da sanduna, kana iya kai kuka hukumar kare masu saye ta FCCPC. In ba haka ba sai kotun ƙananan ƙararraki, wadda Legas ta buɗe a 2018, kuma ba ta buƙatar lauya, sai dai ka lissafa kuɗin mota da masauki ka gwada da abin da kake nema. Kafin nan, ka aika masa saƙo ɗaya a rubuce cikin ladabi, mai ɗauke da hoton maganarsa, bidiyon mirginawar, adadin kuɗin da kake nema da wa'adin kwana 7, kuma ka guji wallafa hotonsa kana kiransa ɓarawo, domin hakan zai ba shi damar ya maka ka da laifin ɓata suna.