Filin Masu Hoto: "Baba, in zuba kuɗin adashina a dogon gilashi?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ɗinki ne sana'ata, hoto kuwa sha'awa ce kawai. Ina da kyamarar Canon ta hannu da gilashin da ta zo da shi, 18-55mm. A zaurenmu na WhatsApp akwai wani da ke turo hotunan giwaye da tsuntsaye, har gashin ido kana gani, ya ce da dogon gilashi mai jawo nesa, 150-600mm, yake ɗauka. Muna shirin zuwa gandun dajin Mole, a arewacin Ghana, a watan Janairu, ga ɗibar adashina ta matso. In sayar da ƙaramin, in haɗa kuɗin in sayi irin nasa?
Ɗanku, daga Aboabo

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Kada ka sayar da ƙaramin nan, ko da wasa. Shi kuma babban, ka bar shi tukuna.

Bari mu fara da Mole ɗin, tunda ita ta tayar maka da hankali. Daga nan Kumasi tafiyar yini ce: Techiman, Kintampo, ka ratse zuwa Damongo, sai Larabanga. Dajin ya haura murabba'in kilomita 4,500, mutum zai ɗauka sai ya yi ta neman giwa kamar allura cikin rairayi. A watan Janairu ba haka ba ne. Rani ya ƙafar da ruwan daji, giwayen da kansu suke gangarowa tafkunan da ke ƙarƙashin tudun masaukin baƙi. Da safe ma'aikacin daji mai bindiga zai sa ku gaba ku taka da ƙafa, ya tsayar da ku inda ya ga ya dace, kuma tazarar ba wata mai nisa ba ce. Ni da 300mm na taɓa rasa inda zan sa giwa, kai da kunne suka cika hoton, sai da na rage. To 600 ɗin me za ka yi da shi a nan? Ga nauyi kusan kilo 2, ka rataya shi awa biyu cikin rana, kafaɗarka za ta ba ka labari.

Abin da ya dace da kai 70-300mm ne, ko 55-250mm na Canon, na hannu mai lafiya. Akwai wani lissafi da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Kyamarar da ke zuwa da 18-55 farantin ɗaukar haskenta ƙarami ne, saboda haka a Canon ana ninka lambar gilashi sau 1.6, a Nikon sau 1.5. Kenan 300 a hannunka yana ganin abin da 480 ke gani a kan manyan kyamarori. Ya ishe ka giwa, ya ishe ka gwambaza da mariya, balle mugun dawa da ke kiwo har bakin ɗakunan kwana. Ƙananan tsuntsaye ne kaɗai za su gagare ka, kuma nan ne abokin naka ya fi ka gaskiya. In shekara ta zagayo ka ga tsuntsu ne ke kai ka gandun dajin Owabi duk Asabar, sai mu sake zama.

Dogon gilashi kuma ba ya yafe rawar hannu. Ka sa saurin ƙiftawar kyamara 1/500 na daƙiƙa ko mafi sauri, ƙofar haske f/8 idan rana ta fito, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau abinsa. Gara hoto mai ɗan tsakuwa da wanda ya yi dishi-dishi. Ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ko ka jingina da bishiya. Hazon hunturu ma sai ka yi haƙuri da shi, duk abin da ke nesa fari-fari zai fito komai tsadar gilashi. Sannan kada ka buɗe kyamara kana sauya gilashi a fili cikin wannan ƙura, ka shiga mota.

Ƙaramin da kake rainawa, shi zai ɗaukar maka masallacin Larabanga da sandunansa, shi zai ɗauki faɗin daji daga kan tudu da almuru. Kafin Janairu ka gwada shi a tafkin Bosomtwe, kilomita 30 ne kacal daga gari. Ka isa ƙauyen Abono da ke bakin tafkin da sassafe, ka sa shi a 18mm, ka tsuguna ƙasa-ƙasa, ka jira masuncin nan da ke zaune kan faffaɗan katako yana tuƙi da hannu ya shigo gaban duwatsun. Hoton da ya fi kowane daɗewa a bangon shagona ke nan, kuma da irin gilashinka na ɗauke shi. Masu shigowa har gobe tambaya suke wace ƙasa ce.

Saura maganar saye, wadda na fi so ka riƙe, don ni ta taɓa ƙona ni. Shekarun baya na sayi wani 70-300 a hannun wani mutum, a tsaye, da magariba, ina ta murnar araha. Da gari ya waye na haska ciki, sai ga zare-zare kamar saƙar gizo. Funfuna ce. Laimar garin nan tamu ba ta barin gilashin da aka kulle a jaka wata da watanni, kuma in ta ci rufin gilashin babu wankin da zai dawo da shi. Don haka ka je da rana, da kyamararka. Cire murfi gaba da baya, ka kunna tocilan ɗin waya ta gindi, ka leƙa ta baki. Ka juya shi daga 70 zuwa 300 ka ji ko yana cijewa. Ka ɗauki allon wani shago daga nesa, ka faɗaɗa hoton ka karanta rubutun. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji, yi masa sallama. In ka kawo gida, sami roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin takalmi, kana fito da shi yana shan iska.

Canjin da ya rage a adashin, ka sayi batir na biyu da katin ajiya. Ka kuma kula da jakarka a Mole, gwaggon biran can sun san zip.

TAMBAYA: Baba, ni waya kawai gare ni. Na je dajin Bobiri don malam-buɗe-littafi, duk wanda na matsa sai ya tashi. Sai na sayi kyamara?
'Yarku, daga Asawase

AMSA: A'a 'yata, sammako za ki yi. Da sanyin safiya fikafikansu ba su ɗumama ba, sukan zauna su buɗe su suna shan hantsi, a lokacin ake samun su. Ki duba inda ƙasa ke da danshi a gefen hanya, nan suke taruwa. Ki matsa a hankali, kada inuwarki ta faɗa kansu, kuma ki daina jawo hoto da yatsa, lalata shi yake yi. Ki turo mana abin da kika samo, in ya yi kyau za mu buga a wannan shafin.