Amsa ga mai tambaya kan shirwa da mushen kaji

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce maƙwabcinka na zubar da matattun kaji a bola bayan gonarsa, shirwa da hankaki suna ta sauka suna ci, jiya kuma ka tsinci shirwa a mace kusa da ɗakin kajinka, kana tambaya ko murar tsuntsaye ce, ko ka sa yara su riƙa harbinsu da gwafa.

To gaskiya ba wanda zai kalli hoto ya ce maka mura ce, sai an gwada, don guba ma na kashe shirwa, musamman in ta ci ɓeran da ya sha magani. Amma tsoronka na kan hanya. Tsuntsu mai cin mushe yana ɗaukar cutar ne daga naman da ya ci, a 2006 shekarar da H5N1, wato nau'in murar tsuntsaye mai tsanani, ta fara ɓulla a Najeriya a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, ta kuma shiga Magaria a Nijar, an same ta a jikin ungulaye a Burkina Faso. A Amurka ma 2023 ta kashe irin manyan ungulayen nan nasu da ake kira kondo a Arizona har sai da aka koma yi musu allurar rigakafi.

Sai dai ni a shekarun da na yi ina kiwo, ban ga shirwa ta fi mutum kawo cuta ba wallahi. Kiret ɗin ƙwai na kwali da ke yawo gona-gona, takalmin ɗan sari, tayar motar masu kwasar kashin kaji, kazar da ka sayo a kasuwa ka haɗa da naka ranar, nan abin yake. Shirwa ita ma tsautsayi ne ya kai ta, mu muka ajiye mata mushen. Lokacin hunturu kuma ƙwayar cutar na daɗewa ba ta mutu ba, shi ya sa za ka ga yawanci daga Disamba zuwa Fabrairu ake kuka, lokacin da agwagin ruwa 'yan ci-rani ke cika fadamun Hadejia da Nguru.

Harbi kam kar ka soma. Yaro zai harbo ya ɗauko da hannu ya shigo maka da ita gida, ka ga ka kawo abin da kake gudu. Ungulu kuwa dama ta kusa ƙarewa, ka tuna yadda suke cika kwata da, yanzu fa?

Ka je ka sami maƙwabcin nan cikin lalama, ku haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tone ba, a zuba mushen a watsa farar ƙasa a rufe, ko a ƙone. Shirwar da ta mutu kar ka taɓa da hannu, sa leda biyu da takunkumi, sannan ka kira ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku, su ke da hanyar tura samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Ka rufe wajen ruwa da abincin kaji da raga, ka ajiye ruwan Izal a bakin ƙofa.

In ka ga kaji na mutuwa farat ɗaya da yawa, tukku ya kumbura ya yi shuɗi, ƙafa ta yi ja kamar jini ya kwanta, ƙwai ya ragu, to don Allah kar ka yanka ka sayar, ka kira likita a ranar.