Amsa: Ina da littattafai da kuɗi, ta yaya zan taimaka wa ɗakin karatu na jama'a?

Mai tambaya na son ba da tsofaffin littattafai da ɗan kuɗi, amma bai san ta inda zai fara ba.

Kafin ka ɗaure kwali ko ɗaya, ka je ka ga ma'aikacin ɗakin karatun, ka tambaye shi abin da suke buƙata. Kowane littafi sai an yi masa rajista, an ba shi lamba, an sama masa gurbi a kanta, don haka wanda ba za a karanta ba nauyi ne a kansu. Ka ware masu ɗanshi ko fumfuna da waɗanda gara ta taɓa, domin suna lalata sauran. Littattafan likitanci, shari'a da kwamfuta da suka tsufa ma a bar su. Na yara kuwa da na harshen gida, kullum ana nemansu.

A ganina kuɗi sun fi amfani, saboda su ke sayen sababbin bugu da gyara kujeru. Ka biya ta asusun hukumar da ke kula da ɗakin karatun, kada ka damƙa a hannun mutum, kuma ka karɓi rasit.

Idan akwai rubutun hannu na da, kada ka liƙa masa salatif. Nemi masanin adana takardu. Gudummawa mai yawa ko wasiyya kuma, a sa lauya ya rubuta sharuɗɗan.