Tambaya da Amsa: Zan iya ɗinka labulen ja-sama da kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ce mai rubuto miki daga Agege, ban daɗe da fara koyon ɗinki ba, keken Butterfly ne da ni irin na ƙafa. Ɗakinmu da yamma rana har kan gado take shigowa, ina so in ɗinka irin labulen nan da ake jan igiya ya naɗe sama, amma tsoro nake kar in ɓata yadi a banza. Dan Allah ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Zaki iya wallahi, ɗinkinsa duk miƙaƙƙe ne, ba wuya ba hannu irin na riga. Inda aikin yake shi ne awo da guga, kuma da taga ɗaya zaki fara, ƙarama, kar ki ɗauko na falo tukuna.

Yadi dai ki nemi na auduga mai ɗan kauri, a Balogun ko wajen masu labule na Yaba. Atamfa ma tana yi kuma tana kyau sosai, sai dai faɗinta bai cika wuce inci 45 zuwa 48 ba, to ki auna tagarki kafin ki fita. Ki bar masu santsi da sheƙi ɗin nan, zamewa suke a ƙarƙashin allura su sa ki kuka. Kina dawowa gida ki wanke shi ya bushe ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, saboda auduga tana shiga in ta sha ruwa, in kika yanka tukuna wankin farko labule zai ɗage ya bar ƙasan taga a buɗe.

Wajen awo, yawancin gidajen haya a Legas akwai luba, wato tagar nan mai jerin gilasai, da ƙarfen bagalari, hannun luba kuma yana fitowa, dan haka labulen a kan bango zai zauna, ba cikin ramin taga ba, ya wuce taga da inci 2 kowane gefe. Kan wannan ki ƙara inci 4 a faɗi saboda kalmasa, inci 8 a tsawo. Ki auna sau biyu, ki zana da alli, kowace kalmasa ki danne ta da dutsen guga kafin ki hau keke. Tunda ranar yamma ce ke dukan tagar ki sa masa shafi fari ta baya, in ba haka ba kalar zata koɗe ki rasa gane atamfarki.

Sai zobba. Ƙanana na roba zaki saya, ki ɗinka su da hannu ta baya, layi uku daga sama zuwa ƙasa, tsakanin zobe da zobe inci 8, kuma dole su yi daidai da juna a jere, anan ne masu koyo suke faɗuwa, zobe ɗaya ya kauce sai kiga labule ya tashi a karkace kamar hular ɗan gayu. Kowane layi igiyarsa daban, ki ɗaure a zoben ƙasa ki zura ta hau har sama, duk su bi ta ƙananan ƙugiyoyi a jikin katakon da labulen zai rataya a saman taga su haɗu a gefe ɗaya. A kalmasar ƙasa ki zura siririyar sanda ta ba shi nauyi. Shi katakon, kafinta ne zai yanko miki ya kafa, ba wani kuɗi bane.

Da damina ki riƙa sauke shi ya sha iska, danshin garin nan in ya samu yadi a naɗe fumfuna yake yi.

Abinda nafi so ki riƙe kuma, in akwai yara a ɗakin, igiyar nan tana iya shaƙe yaro, ba wasa nake ba. Ki sa kafinta ya buga ƙusa can sama inda hannunsu bai kaiwa ki riƙa naɗe ta a kai duk sanda kika ja, kuma kar gadon yaro ya zauna ƙarƙashin tagar.