Noma a Jikin Dutse: Amsa ga Manoman Filato

Wani manomi daga Barikin Ladi ya aiko da tambaya: "Malam, ƙanena da ke wajen Kagoro yana noman citta, har kwakwar manja gare shi. Me ya sa ni sai dankalin turawa ke yi mini kirki?"

Ɗan'uwa, tudu ne ya raba ku. Iskar damina tana tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da laima, sai ta ci karo da duwatsun Filato ta kudu maso yamma. Dole ta hau, ta yi sanyi, ta sauke ruwa. Shi ya sa gindin duwatsun, daga Kagoro zuwa Assop, ke da kurmi da dogayen itatuwa. Kai kuwa kana sama da mita 1,200 daga teku, kuma duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6. Kwakwa na son ɗumi, dankali kuwa sai da sanyin dare yake zuba 'ya'ya. Ka bar wa ƙanenka kwakwa, ka riƙe dankali da kabeji da acca. Sai dai ka sa ido a Yuli da Agusta, lokacin yayyafi da hazo. Da ka ga ganye ya fara baƙi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, cutar ƙunar ganyen dankali ce ta shigo. Feshin magani tun kafin nan ake yin sa. Ingantaccen iri kuma, ka tuntuɓi tashar binciken dankali ta Kuru.

Wata Hajiya mai gona a gindin duwatsun Shere ta ce kowace damina ruwa na kwashe mata ƙasa da taki.

Hajiya, wannan matsala tana ci mini rai, don ƙasar saman nan ba ta dawowa da wuri. Fara duba kunyoyinki. In sun bi gangara daga sama zuwa ƙasa, kin yi wa ruwa hanya ke nan. A ja su a gicciye. Duwatsun da ake tsincewa a gona kada a zubar, a jera su layi-layi a kan gangaren, a dasa ciyawar jema a bayansu. Bayan ruwa biyu ki je ki duba, za ki tarar da laka ta taru a jikin duwatsun, mai laushi, wadda da tuni ta tafi rafi. Shingen ƙerana da mutanen Filato suka gada ma yana tare ƙasa, ga tsare dabbobi, amma a hana yara taɓa ƙaronsa, yana cutar da ido. Bishiyar turare kuwa a nisanta ta da gona, tana shanye laimar ƙasa.