Amsa ga yayana na Kano game da kallon tsuntsaye

Yaya, na ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin hotona, cewa Hausawan Jos sun saki hanyar kakanni, tunda har mutum zai tashi takanas ya tafi Gana don ya kalli tsuntsu. Na san raha kake yi, amma da yake ba yau aka fara yi mana wannan gorin ba, bari in ba ka amsa.

Wurin sunansa Sakumono, fadama ce ta ruwan gishiri a gaɓar teku kusa da Tema. Mun isa bayan sallar asuba, ruwa ya ja baya ya bar laka, ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna ta caccakar ta da baki. Akwai wani mai lanƙwasasshen baki da na daɗe ina bin sa da madubin hangen nesa, yana zaro ƙaguwa daga rami. A can arewacin Turai da Rasha yake ƙyanƙyasa, sanyi ne ke koro shi nan. Can a kan teku kuma wasu farare masu wutsiya mai baki biyu suna tsayawa a iska, sai su faɗo ruwa su ɗauke kifi. Amma zalɓe da balbela da kirinjijiya ba littafi ne ya nuna mini su ba, daga bakin kakanmu na ji sunayensu, shi da ya baro Kano ya zo aikin kuza a zamanin Turawa, har ya rasu bai daina duban zuwan shamuwa kafin ya yi maganar damina ba.

Gaskiya ne a Jos na koyi riƙe madubin, domin tun 2001 akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a Laminga, ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma ɗalibanta sun sa abin ya daina zama baƙo a wurinmu. Amma ka tuna masu wannan sha'awar har fadamun Haɗeja da Nguru suke zuwa, wato a ƙofar gidanku.

Na kuma san inda maganar ta dosa, domin duk lokacin da aka ce mun canza, sai an gangaro kan mahaifiyata da take Berom. Ita ce ta riƙa tashe mu zuwa makarantar allo cikin sanyin Disamba, kuma fatenta na acca ka sha kwano biyu a bikin Hadiza, ban ji ka tambayi asalinsa ba. Abin da ke da ciwo shi ne a nan wasu na ce mana baƙi bayan zuriya uku, idan mun zo Kano kuma a yi wa Hausarmu dariya.

Tsuntsayen suna gaɓar har wajen watan Maris. Idan kana da hali mu tafi tare, madubina biyu ne, sai dai ka taho da takalmin da ba ka jin tausayinsa.