Tambaya da Amsa: Da gaske Najeriya za ta karɓo Bakassi daga hannun Kamaru?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, Legas, ina sayar da busasshen kifi da jatan lande. Ƙanena ne ke tara mini kaya daga Oron a jihar Akwa Ibom, wani lokaci yakan shiga kwale-kwale har sansanonin masunta na Bakassi. Kwanan nan wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp, wai yarjejeniyar miƙa Bakassi ta rushe tunda Majalisa ba ta amince da ita ba, kuma gwamnati za ta ɗaukaka ƙara. Yanzu yaron ya ce shi da takardar Kamaru da harajinsu har abada, har yana so in ƙara masa jari ya kama wuri can. Mahaifiyarmu ko barci ba ta yi. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: Alhaji, Allah ya kwantar wa Hajiya da hankali. Kira ƙanenka yau ɗin nan, ka ce kada ya sake shiga ruwan nan ba takarda. A doka Bakassi ƙasar Kamaru ce, kuma babu wata ƙara da ta rage a ɗaukaka.

Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague a 1994, aka yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002. Dokar kotun ta ce hukuncinta shi ne na ƙarshe. Ƙofa ɗaya kawai ta bari, wato roƙon a sake duba hukunci idan an gano wata sabuwar hujja da ba a sani ba, shi ma cikin shekara goma. Wa'adin ya cika a Oktoban 2012, gwamnatin Jonathan ta bakin Ministan Shari'a Mohammed Bello Adoke ta ce ba za ta nema ba. Duk mai cewa akwai sauran shari'a, ko dai bai sani ba, ko akwai abin da yake nema a aljihun mutane.

Batun Majalisa kuwa, da ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa yake shiga kunne. Lallai Majalisar Dattawa ta nuna ƙin amincewa a 2007, kuma sashe na 12 na tsarin mulkinmu ya ce sai Majalisa ta mayar da yarjejeniya doka kafin ta yi aiki a cikin gida. Amma wannan rigimarmu ce ta cikin gida. Ƙasa ba ta kafa hujja da dokarta don ta kauce wa alkawarin da ta ɗauka a waje. Ita ma yarjejeniyar Greentree da Obasanjo da Paul Biya suka sa wa hannu ranar 12 ga Yuni, 2006, ba ita ta ba Kamaru Bakassi ba. Tsara yadda za a janye kawai ta yi. An kammala miƙawa a Kalaba ranar 14 ga Agusta, 2008, zamanin 'Yar'aduwa, lokacin riƙon ƙwarya ya ƙare a Agustan 2013.

To ga abin da ya fi ci mini rai, wanda nake ji kusan kullum, har daga bakin masu digiri: "Ai mutanenmu ne a wurin, don haka namu ne." Wannan magana ta sa an daki mutane, an ƙwace musu injin jirgi, an tsare wasu. Ita ce kuma Najeriya ta kai gaban kotu, cewa 'yan ƙabilar Efik da sauran 'yan Najeriya ne suka fi yawa, hukumominmu ke karɓar haraji, mu muka gina makarantu da asibitoci. Kotu ta saurara, sannan ta ce in akwai takardar mallaka, zama a wuri ba ya rinjayarta. Takardar ita ce yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 11 ga Maris, 1913, wadda ta sa Bakassi a ɓangaren Jamus, mai mulkin Kamaru a lokacin. Kai da ke Legas ka fi kowa sani, mutum zai yi shekara arba'in a gidan haya a Agege, ya haifi 'ya'ya da jikoki, ya gyara rufi da kuɗinsa, amma ran da aka je kotu takardar mai gida za a duba.

Ban ce yarjejeniyar 1913 adalci ce ba. Turawa biyu suka raba ƙasa ba su tambayi Obong na Kalaba, sarkin Efik, ba, kuma dubban mutanen da suka baro gidajensu har yau ba a tsugunar da su yadda ya kamata ba. Wannan abin kunya ne ga gwamnatocinmu. Amma ciwon zuciya daban, matsayin doka daban, jandarman da zai tare ƙanenka a ruwa kuwa ba ruwansa da tarihi. Mu Arewa ma hukuncin ya taɓa mu, don shi ne ya mayar da Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Tafkin Chadi ga Kamaru a ƙarshen 2003, alhali Hausawa da Barebari masunta ne cike da su.

Dalilin da ya sa ƙasashe ke tada jijiyar wuya a kan ɗan tsibiri mai laka da sauro shi ne, gaɓa ce ke jawo ruwa. A dokar teku ta 1982, mai gaɓa yana da mil 12 na cikakken iko, da mil 200 na kifi da mai da iskar gas. Shi ya sa bayan tafiyar Bakassi Kotun Ƙoli ta ce a 2012 Kuros Riba ba ta da gaɓar teku kuma, rijiyoyin mai 76 suka tabbata ga Akwa Ibom. A can cikin teku dai ba mu yi asarar da ake yayatawa ba, domin Kotun Duniya ta ƙi layin iyakar da Kamaru ta nema. Da ƙasar Sao Tome kuwa sulhu muka yi a 2001 kan man da ke tekun tsakaninmu, muka amince mu haƙa tare, kashi 60 namu, 40 nasu. Ni a wurina wannan hanyar ta fi hankali nesa ba kusa ba.

Ga abin da za ka faɗa wa ƙanenka. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, kada ya ɗauka kamar zuwa Kwatano ne. Greentree ta ce ba za a kori 'yan Najeriya mazauna wurin ba, ba za a tilasta musu sauya ƙasa ba, amma baƙi ne a ƙarƙashin dokar Kamaru. Ya riƙe fasfonsa, in zama zai yi ya nemi takardar izinin zama, duk kuɗin da ya biya ya karɓi rasit. Ga kuma 'yan fashin teku da masu garkuwa da mutane a waɗannan rafuka. In ni ne kai, jarin nan a Oron zan bar shi, masuntan su riƙa kawo masa kaya bakin gaɓa. Saƙon muryar kuma kada ka tura wa kowa, ka gaya wa wanda ya turo maka cewa akwai 'ya'yan mutane da ke shiga ruwa da wannan maganar.